Ɗakin mai wucewa da ɗakin mai zama: jawabi kan hayar farko a Dirku

 

An ce in yi magana kan yadda matashi zai nemi gidan haya karon farko a nan Dirku. Da aka karanta taken na ga wasu sun yi murmushi, kuma na san abin da ke ransu: wai ƙungiyar farar hula ta rasa abin tattaunawa sai ɗaki da katifa? Ga maganar tsaro, ga tsadar abinci, ga 'yan uwanmu da ake korowa daga Libiya. Ku yi haƙuri ku ba ni kunnenku. Malamin kwantaragi da aka turo daga Maradi, in ya rasa wurin kwana mai mutunci, ba ya kai ƙarshen shekara a aji, sai ka ji ya nemi a canza masa wuri. Unguwarzomar da aka turo daga Damagaram, in ta yi wata biyu tana raɓe a ɗakin wata, ranar da ta tafi hutu ba ta dawowa. Yaron garin nan da ya yi baiko, in ɗaki ya gagare shi, aure ya tsaya. Ajin da ba malami da ɗakin haihuwar da ba ma'aikaciya, sau da yawa daga matsalar ɗaki suke farawa. Shi ya sa muka sa maganar a gaba.

Abin da nake so ku riƙe daga bakina yau guda ɗaya ne. Yawancin ɗakunan haya na garin nan an gina su ne don mai wucewa, kuma aljihun mai wucewa ne ya yanka musu farashi. Kai da ka zo zama, ko ke da kika zo zama, in kun yi tambayoyin mai wucewa za ku samu ɗakin mai wucewa. Mai wucewa tambayarsa biyu ce: nawa ne, kuma yaushe mota za ta tashi. Mai zama tambayoyinsa sun fi haka yawa.

Bari mu tuna yadda aka yi aka zo nan, don ƙannenmu da baƙinmu su gane. Dirku tsohon zango ne, tun zamanin ayarin raƙuma masu zuwa Kawar ɗaukar gishiri da kanwa da dabino. Amma faɗaɗar da muke gani, Sabon Gari da kasuwarsa da jerin shaguna masu ɗaki a baya, hanyar Libiya ce ta kawo ta. Daga Agadas zuwa nan wajen kilomita 650 ne na Tenere, kuma duk wanda ya nufi Madama da Sabha sai ya sauka nan ya huta, ya sha ruwa, ya cika guzuri. Wanda kuɗinsa ya ƙare sai ya zauna ya yi ƙwadago, wani wata ɗaya, wani shekara. Duk mai fili ya ga dalilin aza tubali. A 2014 aka samu zinariya a Jado, mutane suka yi ta kwarara daga Chadi da Sudan da kudancin ƙasarmu, kuɗi ya shigo gari irin wanda ba a saba gani ba. Ɗan zinariya ba ya tayawa. In ka ce masa jika talatin sai ya zaro ya ba ka, don gobe yana bakin rami. Sannan aka yi doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita da ƙarfi daga 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, mai saukar da baƙi a gidansa ya shiga fargaba. A 2017 gwamnati ta rufe Jado. Gari ya yi tsit, ɗakuna suka zama na ƙadangaru. A watan Nuwamba 2023 aka soke waccan doka, hanya ta sake buɗewa a fili. Yanzu kuma ga waɗanda ake dawo da su: a farkon Janairu 2025 kaɗai, 'yan Nijar 613 aka sauke mana daga Libiya a tashi ɗaya, a garin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum dubu 10 da 'yan kai.

Kun ga ke nan kuɗin haya a Dirku ba albashin kowa yake bi ba. Hanya yake bi, da zinariya, da dokar da aka sa wa hannu a Yamai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairu 2024, amma ba mai gidan da ke duba wannan lambar kafin ya faɗi kuɗin ɗakinsa. Kuma ina roƙon kada wani ya fita daga wurin nan ya ce na ɗora wa 'yan ci-rani laifi. Mutumin da aka tsare a Libiya, aka loda shi a babbar mota aka sauke shi nan da rigar jikinsa, ba shi ne ya tsauwala maka haya ba. Shi ma bangon da zai jingina yake nema. Matsalarmu rashin ƙa'ida ce, ba baƙo ba.

To yaya ake nema? A Yamai, lokacin da muke jami'a, kana iya ganin allo a ƙofar gida ko lambar dillali a bango a Harobanda. Nan babu wannan. Ɗaki a Dirku a baki yake: a fadar shayi, a shagon mai tireda, a ƙofar masallaci bayan la'asar, a wurin mata masu abinci, waɗanda wallahi sun fi kowa sanin wanda ya tashi da wanda zai tashi. Saboda haka shawarata ga duk wanda aka turo aiki: kada ka kama ɗaki ranar da ka sauka. Ka sauko daga bayan Hilux, kwana biyu kana shan rairayi, idonka ya yi ja, jakarka a hannu, kowa ya gan ka ya san ba ka da wurin kwana. A ranar ba ciniki za ka yi ba, biya kawai za ka yi. Ka nemi abokin aiki ya sauke ka ko da kwana biyar ne, ka gai da mai unguwa, ka bari gari ya san ka zo zama. Haka kuma ka lura da ranakun da ayarin motoci ke isowa daga Agadas. A waɗannan ranaku kowane ɗaki yana da mai so, bayan kwana biyu kuma mai gidan da ya ɗaure fuska shi zai aiko a kira ka.

Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa yake yi. Amma ku yi maganar la'adarsa tun kafin ku taka ƙafa, nawa ce, kuma wa zai biya, kai ko mai gida. Kada ka ba shi kuɗin ɗaki a hannunsa. Ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da mai unguwa ya sani. Gidaje da yawa a nan masu su suna Agadas ko Sabha ko bakin ramin zinariya, sun bar makulli a hannun ƙane ko yaron shago. Mun sha karɓar ƙorafin wanda ya biya wata uku a hannun mai riƙe da makulli, mai gida ya dawo ya ce bai san zancen ba.

Yanzu mu shiga cikin ɗakin. A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne baƙo ke faɗawa.

Abu na farko da za ka duba ba rufi ba ne, ba fenti ba ne. Ka durƙusa ka dubi gindin bango. Ƙasar Kawar gishiri ce da kanwa, kuma ruwa yana kusa da sama. Wannan ni'ima ce ga dabino, amma ga gini cuta ce: danshi yana hawa bango daga ƙasa, ya ɗauko gishiri, ya bushe, ya bar farin gari, tubali ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ka sa yatsa ka kankara. In ƙasa ta biyo yatsanka kamar garin tuwo, bangon nan ya fara mutuwa daga ƙafa. In ka ga sabon yaɓe ko sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sama kuma tsoho, ka tambayi abin da aka rufe. Ka ƙwanƙwasa, yaɓen siminti a kan tubalin gishiri yakan rabu da bangon, ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka zagaya baya ka duba ta waje, don mai gida ciki yake gyarawa, inda ido ke gani.

Wani zai ce, ai nan ba a ruwa. Haka ne, ruwan da ke sauka a Bilma a shekara, in an daidaita, bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ko ɗigo. Amma iyayenmu da ke zaune nan ba su manta da Agustan 2006 ba, lokacin da ruwa ya sauka a Bilma, kilomita 45 daga inda muke, gidaje ɗaruruwa suka narke kamar an jiƙa sukari, dubban mutane suka kwana a fili. Ginin da aka yi da ƙasar gishiri yana iya shekara hamsin a tsaye, dare ɗaya ya kwanta. Kuma damina ta canza hali. A 2024 kowa ya ga abin da ruwa ya yi a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Saboda haka ka dubi inda gidan yake: a kwari ne ko a tudu? Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsawo ko ya fi ta zurfi? Akwai indararo, kuma ina yake zubarwa? In a gindin bangon yake zubarwa, gara ma babu shi. Ka ɗaga kai ka dubi itacen rufi. In na dabino ne ka duba ko gara ta ci shi, ko ya lanƙwasa a tsakiya.

Sai zafi da sanyi da iska. Baƙi da yawa suna ganin ɗakin bulo mai rufin kwano su ce wannan ne na zamani. Ka shiga shi da ƙarfe biyu na rana a watan Yuni, lokacin da zafi ke haura 45, sannan ka ba ni labari. Kwano ba sili tanda ce da rana, da dare a watan Janairu kuma firji. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, in gindinsa lafiya lau ne, ya fi shi daɗin zama nesa ba kusa ba. Ni dai in an ba ni zaɓi tsakanin bulo mai kwano tsirara da ƙasa mai ƙoshin lafiya, ƙasa zan ɗauka, ko da abokai za su ce ban waye ba. Ka lura da inda ƙofa take kallo. Iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, ƙofar da ke fuskantar can kullum da safe sai ka kwashe rairayi da shebur. Ka duba ƙasan ƙofa da ramukan bango saboda kunama, musamman in da yara za ka zo. In gidan yana kusa da lambu ko tafki, ka sa kuɗin gidan sauro cikin lissafi.

Ruwa da bayan gida. Wannan ba a son faɗa a taro, amma zan faɗa. Tunda ruwa yana kusa, rijiyar cikin gida ba wuya, kuma ramin masai ma ba ya zurfi. In ka ga rijiya da masai taku kaɗan ne tsakaninsu, abin da ke wancan yana iya isa wannan ta ƙarƙashin ƙasa. Ka auna da ƙafarka. Ka ɗanɗana ruwan, wani yana da kanwa, wanki kawai zai yi. In sayen ruwa za ka yi, ka tambayi maƙwabta nawa ake kawo jarka har ƙofar, ka ninka da kwana talatin, ka ɗora kan kuɗin haya, don ɗakin da ya fi araha da jika uku yana iya cinye jika biyar a ruwa. Ka ƙirga ɗakunan gidan, ka ƙirga bayan gida. Ɗaki takwas masai ɗaya, ka san yadda asubarka za ta kasance.

Wuta ba zan daɗe a kanta ba. Tambaya ce ɗaya: mita ɗaya ce ga gida duka? In haka ne, yaya ake rabawa, kuma akwai bashin wanda ya tashi? Ka ga takardar biya ta ƙarshe da idonka. Wanda ke da firjin sayar da ƙanƙara da kai mai fitila ɗaya da cajin waya, bai kamata ku biya daidai ba, kuma ranar farko ake faɗin haka, ba ranar da takarda ta zo ba.

Abin da ya fi bango muhimmanci shi ne mutanen da ke bayan bangon. Kada ka yanke shawara da ganin rana kaɗai. Ka koma bayan isha'i ka tsaya a ƙofar minti goma. Gidan da ka gani shiru da hantsi yana iya zama masaukin mutum arba'in da dare, ko garejin da ake gyaran mota har asuba, ko ma'ajiyar man fetur. Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau: in ka ji warin mai, ko ka ga durom-durom a jere a ɗakin da ke jikin naka, ka yi sallama ka fita, ko kyauta aka ba ka. Ka tambayi mai gida kai tsaye: sauran ɗakunan na 'yan wata ne ko na 'yan kwana? Ba don 'yan kwana mugayen mutane ne ba, a'a. Amma gidan da fuskoki ke canzawa kowane mako, ba wanda zai lura in baƙuwar fuska ta tsaya a ƙofarka. Kuma mai gidan da ya saba karɓar kuɗin kwana daga mutum goma a ɗaki ɗaya, ranar da hanya ta cika, kai mai biyan wata kai ne asararsa. Daga nan ake fara jin «ɗana zai yi aure, ina son ɗakina».

'Yan uwana mata, naku ya fi namu wuya, kowa ya sani. Malama ko ma'aikaciyar lafiya ta zo da takardar gwamnati a hannu, a tambaye ta ina mijinki, a ce ba a ba mace ita kaɗai ɗaki. Iyayenmu masu gidaje, da girmamawa nake faɗa: wadda kuka hana ɗaki da rana ita ce za ku buga wa ƙofa ƙarfe uku na dare in naƙuda ta kama 'yarku. Ga 'yan uwa mata kuma, abin da muka ga yana aiki shi ne a nemi gidan da iyali ke ciki, a je tare da shugabar wurin aiki ko wata dattijuwar unguwa, a canza kwaɗo ranar shiga, a kuma tabbatar ƙofa tana kulluwa ta ciki. In mai gida ya ce zai riƙe makulli ɗaya, a ce a'a cikin ladabi. Kuɗin hayar da kika biya, sirrin ɗakinki yana ciki.

Mu zo kan kuɗi. A ce an ce maka ɗaki jika goma sha biyar, a ba da wata uku gaba, da na ajiya wata ɗaya, da la'adar dillali. Kafin ka shimfiɗa tabarma ka fitar da abin da ya haura jika sittin, kai kuma albashinka na farko bai zo ba, kuma duk wanda ya yi kwantaragi ya san yana iya jinkiri. Saboda haka kafin ka amsa, ka zauna da biro. Ni ma'aunina shi ne, in haya da ruwa da wuta suka haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka, a garin da shinkafa da taliya da gas duk sai sun ƙetaro hamada, to ɗakin ya fi ƙarfinka, ko da ya yi maka kyau. Ba abin kunya ba ne ku haɗu ku biyu ku kama ɗaki da falo. Kuma ka yi tayi. Abin da kake da shi wanda ɗan zinariya ba shi da shi, shi ne kana nan wata goma sha biyu. Mai gidan da ya ga 2017 ya san darajar wannan. Ka ce masa: Baba, ni ba mai wucewa ba ne, ka rage mini, ni kuma kowane wata ga kuɗinka, ko hanya ta buɗe ko ta rufe.

Sai takarda. In kun manta duk abin da na faɗa, kada ku manta wannan. A garin nan haya da baki ake yin ta, da «Allah ya sa alheri» da musafaha. In ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da mutane ba ne? To ni ina tunatar da kaina da ku cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamai suna nan, in na kauce su gyara mini. In rubutu rashin yarda ne, da ba a umarci muminai da shi ba. Rubutu yana kare zumunci ne, don mutum yana mantuwa, yana tafiya, yana mutuwa, magada kuma ba su ji abin da aka faɗa a zaure ba.

Ba sai an je wurin lauya ba. Ƙasar nan tana da dokar haya tun 1996, mai lamba 96-016, amma kotu tana Bilma, kuma ba wanda zai bar aiki ya yi ta zirga-zirga saboda jika ashirin. Abin da zai tsare ka shi ne warƙa ɗaya daga littafin ɗan makaranta. A rubuta sunan mai gida da naka, da wane ɗaki ne a wane gida. A rubuta kuɗin wata da ranar biya. A rubuta abin da ka bayar gaba, da wanda yake na ajiya, da sharaɗin dawo da shi. A rubuta tsawon lokacin da ba za a ƙara kuɗi ba, da wata nawa za a ba ka in ana son ka tashi, da wata nawa kai za ka bayar in za ka tashi. Sannan gyara: in bango ya zube ko masai ya cika, wa zai biya? In kai ka gyara, za a cire daga haya? Wannan layin shi ne ya fi kowane haddasa rigima. Mutum ya kama kango, ya sa ƙofa, ya yi daɓe, ya ja wuta da kuɗinsa, ɗaki ya yi kyau, sai a ce ai yanzu kuɗinsa ya ƙaru, in ba ka iyawa ga mai so. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa, in da hali a gaban mai unguwa. A rubuta da harshen da ku biyun kuke ji, Hausa ko Faransanci ko ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu da Barbarci ko Tubanci kafin ya dangwala. Kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta da waya, ka ɗauki hoton bango da ƙofa da rufi ranar da ka shiga. Kowane wata in ka biya, a sa hannu a bayan takardar. In ta kamfanin aika kuɗi kake tura wa mai gida, ka adana rasit ɗin, kada ka ƙunsa goro da shi.

Kafin wani ya ce mun zo yaƙi da masu gidaje, bari in faɗi nasu. Da yawansu ba attajirai ba ne. Akwai gwauruwar da ɗakuna ukun nan su ne abincin marayunta. Akwai tsohon direban da motarsa ta tafi a zamanin waccan doka, abin da ya rage masa ke nan. Gini a nan tsada gare shi. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a Oktoba 2024, amma kafin buhu ya ƙetare Tenere kuɗin mota ya cinye ragin. Kuma mu matasa muna da namu halin. Akwai wanda ke tara bashin wata huɗu, ya bi motar dare, ya bar kwaɗo a ƙofa da tsumma a ciki. Akwai mai zubar da ruwan wanka a gindin bangon ƙasa shekara guda, ya tashi ya bar wa mai gida kango. Wanda aka yi wa haka sau biyu, dole ya nemi wata shida gaba daga na ukun. Takardar da nake magana a kai tana kare mai gida kamar yadda take kare ɗan haya, shi ya sa muke so su ma su karɓe ta hannu biyu.

Ga abin da ƙungiyarmu ke nema, kuma ba abu ne mai cin kuɗi ba. Muna roƙon ma'aikatar magajin gari ta amince da takardar haya mai shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, wadda kowa zai iya karɓa kyauta ko da kuɗin kwafi. Muna roƙon masu unguwanni kowanne ya ajiye littafi guda da za a riƙa shigar da yarjejeniyar haya, don in rigima ta taso a samu abin dubawa kafin a kai ga jandarma. Muna roƙon shugabannin makarantu da na asibiti, in an sanar da su za a turo sabon ma'aikaci, su tanadar masa masaukin mako ɗaya, kada ya sauka a tasha yana tambayar yaran mota inda zai kwana. Mu kuma a namu ɓangaren za mu zaga unguwa-unguwa mu rubuta ɗakunan da ke akwai da abin da ake biya a zahiri, don baƙo ya san farashin gari kafin a faɗa masa na baƙo. Ba za mu sa sunan kowa ba, unguwa da irin ɗaki da kuɗi kawai.

Mun zo da samfurin takardar, yana kan tebur a bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya. Masu gidaje ku karanta, in akwai layin da ya cuce ku ku faɗa mana yau, a gyara kafin mu kai wa magajin gari. Masu son shiga aikin zagayen unguwanni su ba da sunansu bayan an tashi, muna buƙatar mata aƙalla biyu a kowace tawaga, don akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba.

Na ga Baba mai unguwa ya ɗaga hannu tun ina maganar kuɗin gyara. Ranka ya daɗe, ga makirfo.